Maganin Barci na Shaƙa a Jikin Dabbobi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa kawo dabbarsa a yi mata fiɗa ya san tsayuwar nan ta bakin ƙofa. An shige da ragon da aka yi wata biyar ana turka, ko karen gadin gida, an rufo ƙofa, mai dabba na waje yana zullumi. Da wuya ka ji ya tambayi wuƙa. Abin da ke bakinsa shi ne: "Likita, zai tashi kuwa?" Ni dai wurin zamana a ɗakin fiɗa wajen kan dabba ne, idona a kan jakar numfashi, yatsana a kan jijiya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne na fi ji a nan Garwa ta Kamaru daga masu kiwo, masu dawaki da ɗalibai masu koyon aiki.

Mene ne maganin barci na shaƙa, kuma me ya raba shi da allura?

Ruwa ne a kwalba, garai-garai, mai saurin zama tururi. Tururin ake gauraya da iskar oksijin dabba ta shaƙa. Waɗanda aka fi aiki da su yau su ne isofuluren da sebofuluren. Kafin su halotan ne ya yi tashe, tun daga 1956, kafin shi kuma eter da kulorofom. A Boston ta Amurka aka fara nuna fiɗa da eter a bainar jama'a, ranar 16 ga Oktoba 1846, kulorofom ya biyo baya a Edinbara a 1847.

Allurar barci kamar kibiya take. In ta bar baka sai a jira, domin hanta da ƙoda ne za su yi ta fama da ita har su fitar. Na shaƙa kuwa ta huhu yake shiga, ta huhu yake fita, saboda haka linzamin barcin yana hannun likita tun daga farkon aiki har ƙarshe. Barci ya yi nauyi, a rage. Dabba ta fara motsi, a ƙara. An gama ɗinki, a kashe, numfashinta ya wanke sauran. Isofuluren, abin da hanta ke sarrafawa daga cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Halotan kuwa wajen kashi 20 ne, shi ya sa ya fi takura wa hanta.

Ta yaya abin da aka shaƙa yake kaiwa ƙwaƙwalwa?

Oksijin na fitowa daga tukunyarsa ya ratsa wani akwatin ƙarfe mai maɓallin murɗawa, inda aka zuba ruwan maganin. A nan yake ɗaukar tururi daidai lambar da likita ya murɗa. Daga nan sai tiyo, sai bututun da aka zura a maƙogwaro, sai huhu. Cikin huhu akwai miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, bangonsu ya fi fatar albasa siranta, jini na gudana a bayansa. Tururi na tsallakawa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, zuciya ta tura jinin, ƙwaƙwalwa kuma tana cikin gaɓoɓin da suka fi samun jini, don haka tana cikin na farkon ƙoshi. Kitse ne na ƙarshe, amma shi ya fi riƙo. In fiɗa ta yi tsawo, dabba mai ƙiba takan daɗe ba ta wartsake ba.

Akwai wani abu a nan da ɗalibai ke yawan juyawa baibai. Suna zaton maganin da ya fi narkewa a jini shi zai fi saurin sa barci, alhali shi ne ya fi jinkiri. Mai ba albasa ruwa a bakin Binuwai ya san dalili. In ka saki ruwa a hanyar da ta bi ta rairayi, sai rairayin ya sha ya ƙoshi kafin ruwa ya isa fangali. In hanyar yumɓu ce, nan da nan ya isa. Jini shi ne hanyar. Eter, jini na shan wajen ninki 12 na abin da ke cikin iska kafin ya ƙoshi. Halotan wajen 2.4, isofuluren 1.4, sebofuluren 0.65. Na ƙarshen nan ya fi saurin kwantar da dabba, ya fi saurin sakinta, kuma warinsa bai kai na isofuluren tsini a hanci ba. Tsada ce matsalarsa.

To in ya isa, me yake yi wa ƙwaƙwalwar?

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba sa daina aika wa juna saƙo. Wasu saƙonnin na tayarwa ne, wasu na kwantarwa. Babban sinadarin kwantarwa shi ake kira GABA, yana da ƙofofinsa a jikin kowace jijiya. Tururin nan na sa ƙofofin su daɗe a buɗe, ya buɗe wasu mashigan fotasiyam da ke sanyaya jijiya, ya kuma rage ƙarfin saƙonnin tayarwa. Sassan ƙwaƙwalwa sai su daina jin junansu, dabba ta fita hayyacinta, ba kuma ta riƙe komai na abin da aka yi mata.

An daɗe kafin a kai ga wannan fahimta. Wajen 1899 zuwa 1901, masana biyu, Meyer da Overton, kowa a nasa ɓangaren, suka lura cewa maganin da ya fi narkewa a mai ya fi ƙarfi, aka yi shekaru ana ɗauka kitsen bangon jijiya kawai yake taɓawa. A 1984 Franks da Lieb a Landan suka nuna yana iya kama furotin kai tsaye ko babu kitse a wurin.

Binciken da ya fi burge ni kuwa da awaki aka yi shi, a Kalifoniya, aka buga a 1993. An raba hanyar jinin kan akuya da ta sauran jikinta, yadda za a iya ba ƙwaƙwalwa magani ita kaɗai. In duk jiki na samu, isofuluren kashi 1.2 cikin 100 ya isa ya hana akuya motsi. Da aka ba kai kaɗai, sai da aka kai kashi 2.9. Ashe fitar hayyaci aikin ƙwaƙwalwa ne, amma hana zabura yawancinsa a lakar ƙashin baya yake faruwa. Akuyar da ke yi mana ɓarna a rumbu, ita ce ta koya wa likitocin mutane wannan.

Dabbar tana jin zafin wuƙa?

Ba ta san ana yi ba muddin barcin ya kai. Amma isofuluren da sebofuluren ba magungunan kashe zafi ba ne. Jijiyoyin wurin yanka suna nan suna kai ƙara, sai ka ga bugun zuciya ya hau, numfashi ya yi sauri, ko da dabbar ba ta motsa ba. Da an kashe tururi kuma zafin na jiranta. Likitan kirki yakan haɗa da maganin zafi tun kafin yanka, ya kuma kashe wurin da lidokayin. Yin haka na rage yawan tururin da ake bukata, wanda shi ma sauƙi ne ga zuciya. Abin na ci mini rai in na ji an ce "ai dabba ce". Karen da ya farka yana rawar jiki, ya ƙi ci kwana biyu, zafi yake ji.

Yaya ake sanin adadin da ya isa? Da nauyin dabba ake aunawa?

Allura ce ake aunawa da kilo. Tururi da kashi cikin ɗari na iskar huhu ake auna shi. Akwai ma'aunin da littattafan Turanci ke kira MAC, na Faransanci kuma CAM, wato yawan tururin da zai hana rabin dabbobi motsi in an yi musu abu mai zafi. A jikin karnuka aka fara fitar da shi, a 1963. Na isofuluren wajen 1.3 ne a kare, 1.3 a doki, 1.6 a kyanwa. Na sebofuluren ya haura 2. Duba da kyau: ingarman doki da ɗan kwikwiyo kusan lamba ɗaya ce, kyanwa ma ta fi doki bukata. Doki ya fi shan ruwan kwalba saboda girman jikinsa, amma kaurin tururin ɗaya ne. Tunda wannan adadi rabi kawai yake kwantarwa, a wurin fiɗa akan ɗora kaɗan a kansa. Tsufa, ciki, sanyin jiki, rashin lafiya mai tsanani da allurar da aka riga aka yi duk suna rage bukata.

Lamba jagora ce kawai, dabbar ake karantawa. Nakan taɓa gefen ido in ga ko zai ƙifta, in ja muƙamuƙi in ji taurinsa, in ɗaga leɓe in danna dasashi in ga ko jan zai dawo cikin daƙiƙa 2. Kare ko saniya, in barci ya kai daidai, ƙwayar ido kan juya ƙasa har sai fari kake gani. In ta dawo tsakiya, ta bushe, baƙin ya buɗe, an zarce, sai a rage maza. Doki kuwa in ka ga idonsa na rawa yana hawaye, farkawa yake shirin yi.

Me ya sa sai an yi allura tukuna, har da zura bututu?

Dabba ba ta san taimakonta ake yi ba. In aka kifa mata abin shaƙa a fuska tana farke, kokawa za ta yi, tsoro ya cika jininta da sinadarin firgita, zuciya ta rikice. Da halotan wannan ya fi muni, don yana sa zuciya saurin tuntuɓe. Saboda haka akan fara da mai kwantar da hankali irin zilazin ko diyazefam, a bi da ketamin ko furofofol a jijiya, ta kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, a zura bututu, sannan tururi ya karɓi aiki. Bututun na da 'yar jaka a bakinsa da ake hura wa iska ta toshe gefen maƙogwaro, kada amai ya gangara huhu. Ta cikinsa kuma ake matsa jaka a yi wa dabba numfashi in nata ya tsaya.

An ce in hana dabbata ci tun jiya. Dole ne?

Dole ne, kuma a nan ne mai dabba ke da hannu a tashinta.

Wani dattijo ya taɓa kawo mana ragon balami da ya karye a ƙafar baya garin karo. Ragon iri ne, ba ya son a yanka. Na ce, "Alhaji, an hana shi ci kamar yadda muka yi?" Ya ce, "An hana, likita, tun la'asar ɗin jiya." Muka yi allura. Ina buɗe baki zan zura bututu sai ga koren ruwan tumbi ta baki ta hanci, da dusa a ciki ko jiƙa ba ta gama yi ba. Muka sunkuyar da kansa ƙasa da tebur, na kwashe abin da hannuna ya kai, na zura bututu na hura. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ya yi mako yana tari muna yi masa allura. Da muka fito na faɗa wa Alhaji abin da na gani, sai jikansa, yaro ɗan shekara tara ko goma, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Alhaji, ni na ba shi da asuba. Kuka yake ta yi." Ban ga laifin yaron ba, tausayi ne. Tun daga ranar nakan ce a sanar da duk mutanen gida, a kuma ɗaure dabbar inda ba ta kai ga harawa. In kuma an yi kuskure, a faɗa mana. Ɗaga aiki zuwa gobe ba komai ba ne.

Kare da kyanwa sa'o'i kaɗan ne, yawanci daren jiya zuwa safiya. Tumaki da awaki sa'a 12 zuwa 24. Babbar saniya yini da kwana, wani lokaci fiye. Masu shan nono, zomaye da tsuntsaye ba a yi musu doguwar yunwa. Batun ruwa kuwa a bi abin da likita ya ce, don a watan Afrilu ba a wasa da ƙishirwa.

Me ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da kwantar da saniya?

Tumbinta. Na babbar saniya na iya ɗaukar fiye da lita 100, kuma ko an hana ta ci ba ya zama fanko. Ƙwayoyin da ke narka ciyawa a ciki ba sa barci, suna ta fitar da iska, ita kuwa ba ta gyatsa in tana cikin barcin magani. Ciki ya kumbura ya danne huhu. Ga yawu da ba ya tsayawa. Shi ya sa ake sa matashi ƙarƙashin wuya, baki ya kalli ƙasa, dalala ta zuba waje, a kuma zura wani tiyon har tumbi don iska ta fita. Iskar nan ta nitiros oksaid, da likitocin haƙori ke amfani da ita, ba a ba masu tuƙa, don takan kutsa cikin tumbi ta ƙara kumburi. Wani abin lura: zilazin da zai kwantar da saniya wajen kashi ɗaya cikin goma ne na abin da doki ke bukata. Wanda ya saba da dawaki ya auna wa saniya da wannan hannu zai yi asara.

Raƙumi, ga mutanenmu na Cadi, shi ma yana dawo da abinci. Amale kuma yana da tsokar nan ta ganda da yake busowa waje lokacin barbara, tana iya toshe masa hanyar iska in an cire bututu da wuri.

Doki fa?

Shi ya fi kowa ba mu tsoro. Ba a halicce shi don doguwar kwanciya ba. In ya kwanta, hanji ya danne huhu, huhun da ke ƙasa ya lotse, oksijin ya ragu a jini. Tururi kuma na saukar da ƙarfin jini, nauyin jikinsa ya matse tsokar da yake kwance a kai, ta rasa jini, ya farka ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Saboda haka ake shimfiɗa masa katifa mai kauri, a sa masa ruwa a jijiya, a tsare ma'aunin ƙarfin jini kada ya sauka ƙasa da 70. Sannan ga tashi. Doki dabba ce mai gudu, da ya fara jin kansa zai zabura tun ƙafafu ba su dawo ba, a nan ake samun karaya. Akan ƙara masa ɗan mai kwantarwa, a rufe masa ido, a yi shiru, a riƙe shi da igiya a kai da wutsiya. Masu dawakin hawan salla na fadar lamiɗo, in an ce ku ja da baya ku yi shiru, wannan ne dalili.

Kyanwa da tsuntsaye?

Maƙogwaron kyanwa na saurin ƙullewa in an taɓa shi, sai an ɗiga lidokayin a jira kaɗan. Tsuntsu yana da jakunkunan iska ban da huhu, tururi na kama shi cikin ƙanƙanin lokaci ya sake shi haka nan, tazarar barci da zarcewa kuma siririya ce. Duk da haka ga aku, kaza ko tantabara, na shaƙa ya fi allura aminci nesa ba kusa ba.

Zafin ƙasarmu na shafar maganin?

Sosai. Eter na tafasa a digiri 35, wato a Marwa ko Njamena cikin bazara a kwalba ma zai tafasa, ga shi da kama wuta. Desfuluren, wani maganin shaƙa, na tafasa a wajen 23, sai da akwati na musamman mai lantarki. Isofuluren a 48.5, wanda motar da aka rufe a rana ke iya kaiwa. A ajiye kwalba a inuwa, a toshe da kyau. Akwatin tururi na gyara kansa in zafi ya canja, amma yana da iyaka, don haka muka fi son aikin sassafe. Kowane akwati da maganinsa: na isofuluren alamarsa shunayya, sebofuluren rawaya, halotan ja. Ba a zuba wani a na wani.

Hunturu kuma na busar da fararen ƙwayoyin nan da ke cikin na'ura masu shanye gurɓatacciyar iskar da dabba ta fitar. In sun gaji sukan rine zuwa shunayya, amma in bushewa suka yi ba sa nuna alama, kuma suna iya haɗuwa da tururi su fitar da iska mai guba. A canja su a kan kari, kada a bar oksijin a buɗe ya kwana. Abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani: ko a Garwa ƙaramar dabba na yin sanyi a kan tebur, don maganin na kashe ma'aunin ɗumin jiki. Mukan lulluɓe kyanwa ana tsakar zafi.

Ba za a iya ɗiga shi a tsumma a kifa wa dabba ba?

A'a. Isofuluren a buɗe, tururinsa na iya kai kashi 30 cikin 100, fiye da ninki 20 na abin da ake bukata. Numfashi kan tsaya kafin mai tsumman ya ankara, shi ma kuma yana shaƙa.

Gaskiya, akan mutu?

Akan mutu, amma ba yawa. Wani babban bincike a Birtaniya da aka buga a 2008 ya samu kare 1 cikin wajen 600, kyanwa 1 cikin wajen 400, in an haɗa masu lafiya da marasa lafiya. A cikin masu ƙoshin lafiya kaɗai, kare 1 ne cikin wajen 1,800. Dawaki, a binciken 2002, kusan 1 cikin 100, ban da masu ciwon ciki. Waɗannan alƙaluman ƙasashe masu kayan aiki ne. Abin da ya fi tsaya mini a binciken 2008 shi ne, wajen rabin mace-macen bayan an gama fiɗa suka auku, yawanci cikin sa'o'i 3 na farko, lokacin da kowa ya saki jiki. Duk tururin nan na rage numfashi da ƙarfin jini gwargwadon yawansa. Na'ura mai tsada ba ta maye gurbin mutumin da ya zauna bai ɗauke ido ba.

Me ya sa ba a samunsa ko'ina?

Yana bukatar na'ura, tukunyar oksijin da inda za a sake cika ta, da wanda ya iya. Aikin lafiyar dabbobi a yankinmu kuma a kan garke aka gina shi: rigakafin LANAVET, ɗakin binciken lafiyar dabbobi na Kamaru da ke Bokle kusa da Garwa, da ɗakin binciken Farsha a Njamena, da yaƙi da cutar shanu ta bushiya da aka ayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Wannan ya ceci dukiya mai yawa. Fiɗar dabba ɗaya-ɗaya ce ke biyowa a baya, kuma ina sa rai ga matasan da makarantar likitocin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere ke yayewa.

Kada kuma a raina aikin daji. Saniyar da haihuwa ta gagara, a tsaye ake yi mata fiɗa da lidokayin a kwiɓi, tana tuƙa ana ciro maraƙi, kuma hakan ya fi mata aminci da kwantarwa. Ciro leda daga tumbi da dandaƙa ma haka. Na shaƙa ya fi dacewa da aiki mai tsawo, ɗorin ƙashi, buɗe ƙirji, tsohuwar dabba ko wadda hantarta ta raunana.

Dabba mai ciki fa? Nama da nono kuma?

Tururi na ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi. In ciro shi za a yi, da ya fara numfashi zai fitar da shi ta huhunsa, shi ya sa ake goge masa hanci a murza ƙirjinsa da sauri. Aikin da zai iya jira kuwa a bari sai ta haihu. Mace mai ciki cikin ma'aikata ita ma kada ta zauna inda tururi ke yoyo, a kuma fitar da tiyon da ke kwashe ragowar tururi ta taga. Nama da nono, tururin kansa ba ya daɗewa a jiki, amma alluran da aka haɗa da shi suna da kwanakin jira. A tambayi likita ranar da za a koma tatsa ko a iya yanka, a rubuta.

Na kai ta gida, me zan yi?

Tunkiya, akuya ko saniya a gishingiɗa ta a kan ƙirjinta, a tokare da buhu, kada ta kwanta a kwiɓi, don ta samu yin gyatsa. Kare da kyanwa a sa su a inuwa mai iska, nesa da rijiya, murhu da yara. Kada a ɗura wa kowace dabba ruwa a baki. A ajiye kaɗan a gabanta bayan ta iya tsayawa da kanta, abinci ya biyo baya kaɗan-kaɗan. Tangaɗi da rawar sanyi na 'yan sa'o'i ba abin tsoro ba ne. Amma in dasashi ya yi fari ko shuɗi, ko numfashi na ƙara, ko cikin hagu ya kumbura yana amsawa kamar ganga, ko jini na ɗiga daga ɗinki, ko tari da zazzaɓi sun taso bayan kwana ɗaya ko biyu, a kira likita a lokacin, ko da tsakar dare ne.